"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba": ta hau kan mai kamfanin da kuɗi ke ƙare masa?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Wani abokina yana da ƙaramin kamfanin manhaja a Yaba, nan Legas. Masu zuba jarin da suka yi masa alkawari sun janye, abin da ya rage a asusu bai wuce albashin wata uku ba. Ya yi niyyar tara ma'aikata ya faɗa musu, sai kawunsa da ke kasuwanci a Alaba Rago ya ce masa, "Kai yaro, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Tun ran nan ya kasa yanke shawara. Karin maganar ta hau wurin nan kuwa?

Baba na Mile 12: Wa alaikumus salam. Ta hau daram. In tirelar albasa ta taso daga Aliero ta lalace a hanya, kaya suka ruɓe, ba na tara yaran shago in ce mun shiga uku. Hadiyewa nake yi, in nemo bashi, in biya kowa haƙƙinsa. Babba juji ne. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yau ka faɗa wa yaronka, gobe mai binka bashi ya ji.

'Yar Idi-Araba: Allah ya ƙara girma, Baba, amma kai ka san inda za ka samo bashin. Wannan bawan Allah bai san ko kuɗi za su zo ba. Aikin akanta nake yi, na ga yadda abin ya kasance bayan da aka saki naira a Yunin 2023. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanonin nan naira suke samu, amma hayar rumbun ajiyar bayanai na intanet da dala suke biya, ga man janareta bayan cire tallafi. Wasu shugabannin sun yi ta murmushi har ranar da albashi ya ƙi shiga. A Legas ɗin nan da ake biyan hayar shekara a dunƙule, ga kuɗin ejan, wanda ya sabunta haya yana zaton aikinsa na nan an cuce shi. Albashin mutum ba sirrin maigidansa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai Gyaran Waya, Ikeja: Hajiya, kin san masu rubuta manhaja kuwa? Da sun ji ƙanshin matsala, kafin sati sun samu aikin da ake yi daga gida ana biya da dala, ko su tattara sai Ingila ko Kanada. Mutum biyu suka tafi, manhaja ta tsaya, mai zuba jarin da ke shirin shigowa ya fasa. Gaskiyar taka ta kashe kamfanin da wataƙila da ya rayu.

Malamin Hausa, Obalende: Ku ba ni dama in sa baki. Mu duba wa ake yi wa karin maganar. Ana faɗa wa mai sakin baki ne, wanda duk abin da ya gani a gidan mutane sai ya kai dandali, ko wanda ɓacin rai kaɗan zai sa ya amayar da abin da ke ransa. Horo ce kan haƙuri da riƙe amana. Ban taɓa jin dattijo ya faɗa wa wanda ake bi bashi ita don ya ɓoye wa mai kuɗin cewa ya karye ba. To amma ke ma, Hajiya, taki ba ta gama miki aiki ba. "Ranar wanka" ake cewa, wato sai ranar ta zo, lokacin da ɓoyon ba shi da sauran amfani. Ba ta ce a tuɓe tun ana saura wata uku ba. Gardamarku a nan take: yaushe ne ranar?

'Yar Idi-Araba: Na karɓa, Malam. A ganina ranar ta zo da zarar shirun shugaba zai sa wani ya yanke shawarar da zai yi nadama. Kuma faɗa ma iri-iri ne. A Mayun 2020, da korona ta tsayar da tafiye-tafiye, Brian Chesky, shugaban Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, ya sallami mutum kusan 1,900. Ya rubuta musu dalili, da abin da kowa zai samu na sallama, da yadda za a taya su neman wani aikin. A 2022 kuma wani shugaban kamfani a Amurka ya sallami ma'aikata, ya ɗora hotonsa yana hawaye a LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, duniya ta yi masa ca. Shi ya mai da abin labarin kansa. Hawayen nan da fargabar dare su ne na ciki, ya kai wa matarsa ko amininsa ko sallayarsa. Lissafi kuwa na kowa ne.

Mai Gyaran Waya, Ikeja: Airbnb na da biliyoyin da za ta biya kuɗin sallama. Na Yaba da me zai biya?

Ɗan Agege: Shi ma abin da ya ce ke nan. Sai dai ina zargin yaran sun riga sun gane. Da na leƙa ofishin, an daina kunna janareta sai azahar, shi kuma duk wayar da ta shigo sai ya fita bakin matakala ya amsa ƙasa-ƙasa. Kowa ya sa abin ji a kunne, ba mai kallon wani.

Malamin Hausa, Obalende: To ai labarin zuciya a tambayi fuska. In haka ne cikin bai riƙe komai ba, jita-jita kawai ya bar musu.

Baba na Mile 12: Ni dai ban sauka daga kan maganata ba, taron gayya ban yarda da shi ba. Ya kira manyansu biyu ko uku, ya buɗe musu littafi, ya ce ga abin da ya rage, ga wanda nake nema, ga ranar da zan dawo muku da amsa. Sauran su ji daga baya. Amma ɗana, ka gaya masa ya fara tura albashin wannan wata tukuna, sai alat ya shiga wayar kowa sannan ya kira su.