Tambaya: zai yiwu mutum ya haɗa motar kit a Kaduna har ya hau ta a titi?

Ɗan_Barnawa:

Slm jama'a barkanmu da war haka. Don Allah masana harkar mota ku ɗan taimaka min da shawara. Na jima ina kallon bidiyon mutanen nan da ake aiko musu mota a akwatuna, shasi daban bodi daban inji daban, mutum ya zauna a garejin gidansa shi da ɗansa ko abokansa su yi ta ɗaure-ɗaure har ta tashi ta zama mota, musamman Caterham ɗin nan ta Ingila mai kujera biyu ba rufi ba ƙofar kirki, wlh abin ya shiga raina sosai. Ni ba bakanike ba ne amma hannuna na ɗan taɓa sifana, ni nake wa motata sabis kuma ina da fili a bayan gida. To tambayata ita ce, in yi odar kit ɗin daga waje a sako min a kwantena ko kuwa akwai yadda za a yi a haɗa irinta nan gida da kayan Panteka? Sannan in an gama ya batun takardu da lamba, kar mutum ya zuba kuɗi ƙarshe mota ta ƙare a bayan gida kaji na kwana a ciki. In kuma akwai masu irin wannan sha'awar a garin nan ina so a sa ni a cikinsu. Na gode.

Baba_Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka sa ni dariya, domin abin da kake kallo a waya shi muka ci abinci da shi a garin nan. Fijo ta Kakuri da ta fara aiki a 1975 ai a akwatuna ake kawo kayan 504 daga Faransa, mu kuma mu haɗa, bambancin kawai mu muna da layi da ma'auni da mai duba aikin kowa kafin mota ta wuce gaba, kai kuma kai kaɗai ne za ka zama mahaɗi kuma mai dubawa, to nan ne haɗarin yake.

Ita wannan motar da ta burge ka tsohuwa ce. Colin Chapman na kamfanin Lotus ne ya fito da ita a 1957 da sunan Seven, kuma tun lokacin a wargaje ake sayar da da yawa daga cikinsu saboda a Ingila ta wancan zamani motar da ka haɗa da kanka ba ta biyan harajin da ake ɗora wa sabuwar mota. A 1973 Caterham suka sayi haƙƙin ƙera ta suka ci gaba har yau. Sirrinta rashin nauyi ne ba girman inji ba, akwai wadda suke yi da ɗan injin Suzuki mai cc 660 kuma duk motar kilo 440 ce, Corolla ta ninka ta fiye da sau biyu. Shi ya sa ƙaramin inji ma sai ta tashi da kai.

Amma batun oda ni ban ba ka shawara ba. Na farko kuɗin fam ne, ga jirgi ga kwastan ga dakon kwantena daga Legas, kafin ka ɗaura noti ɗaya ka kashe abin da zai saya maka mota mai lafiya da canji. Na biyu mutanen Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu, kuma doka ba ta yarda a yi wa mai sitiyarin dama rajista ba, dole ka nemi ta hagu tun daga can. Na uku wanda ya fi damuna, ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya karye, ka ce hannun taya ko gilashin gaba, ba shi a Panteka ba shi a Kano, sai ka jira DHL.

Su kansu Turawan marasa ƙarfi ba Caterham suke saye ba. Akwai kwaikwayon Seven ɗin da suke kira Locost, wani Ron Champion ya fitar da littafin yadda ake yin ta a 1996, kai za ka yi waldar shasinka da fayif mai kusurwa huɗu na inci 1, sannan ka samo tsohuwar mota ka kwashe inji da giya da aksil da sitiyari da birki ka ɗora. Su Ford Escort suka fara amfani da ita, daga baya Sierra da Mazda MX-5. Wannan hanyar ce ta dace da mu. Sharaɗin shi ne motar da za ka yanka ta zama mai ja da tayar baya, saboda haka ka cire Golf da Honda da Camry daga lissafi duk da su suka cika gari.

Oga_Rewaya:

Baba Allah ya ƙara girma gsky kayi bayani, amma ni inaga yaron nan Locost tayi masa nisa a matsayin aikin farko. kaga shasin nan ba ƙofar gida bace, in ya karkace da ɗan kaɗan motar har abada gefe zata dinga ja kuma ba alaimen ɗin da zai gyara ta. ni shawarata ya nemi Bosuwaja kunkuru, har yanzu in ka bi tsofaffin garejoji wajen Tudun Wada da Kawo zaka ga an jingine su, tunda a Legas aka dinga haɗa su tun 1975 sun yi yawa a ƙasar nan. ita kunkuru bodinta da noti aka ɗaure shi akan faranti, ka kwance ka ɗaga bodin gefe, inji da giya da tayoyi da sitiyari duk suna nan akan farantin, kusan zaka iya tuƙa ta a haka. abinda Bruce Meyers yayi kenan a Kalifoniya da motar yashin nan Meyers Manx da ta fito a 1964, ana rage tsawon farantin da kamar inci 14 a ɗora bodin faiba shikenan. ba lagireto tunda iska ke sanyaya injin, ba biren bos wato kwamfutar mota, wayarin ɗinta gaba ɗaya a yini ɗaya zan zare in sake sabo. sannan tana da tsayi daga ƙasa, wannan Seven ɗin da kake so cikinta kusan a ƙasa yake, bamp ɗin farko na cikin unguwa zai fasa maka kaskon bakin mai, balle in damina ta sauka a Rigasa ko Kinkinau.

kuma babban abin, lambar shasin kunkuru akan farantin take a ƙarƙashin kujerar baya, in ka sayi mai takardu kaga kana da mota mai asali, kawai ka tsaya akan mai yankan kar ya taɓa wajen lambar.

Injiniya_Zee:

Sannunku. Ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana don nan na fi sani. Malam Ɗan_Barnawa ko wacce ka zaɓa, don Allah kar ka je ka sayi fayif ɗin da ake yin gado da kujerun makaranta da shi ka ce shasi za ka yi. Zanen Locost fayif mai kaurin kusan milimita 1.6 yake nema, ka tafi kasuwa da abin awonka ka auna da hannunka, don abin da ake faɗa maka da baki da abin da ke cikin ƙarfen ba kullum suke zama ɗaya ba. Kar kuma a ba ka mai rufin galbanaiz, hayaƙinsa in ana walda yana sa ciwo kuma waldar ba ta kamawa da kyau.

Sai ita waldar. Yawancin masu waldarmu da ilaktirod suke aiki, a siririn fayif irin wannan in hannu bai ƙware ba sai dai a huda a cike a huda a cike, daga waje a goge ya yi kyau ciki kuwa ba komai. A nemi mai injin MIG, wanda ke walda da waya da gas. Kuma kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya a fara yin teburi shimfiɗaɗɗe daidai, a zana shasin a kai, a ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu a ga sun zo ɗaya, sannan a cika waldar ana yi ana tsallakawa daga dama zuwa hagu saboda zafi na jan ƙarfe. Akwai masu hannu a tsohuwar Panteka ta wajen Poly, mutanen da ke ƙera injin niƙa da na casa daga ɓaraguzan ƙarfe ba shasi ne zai gagare su ba, matsalar dai sun saba da "ai haka ma ya yi", to sai ka zauna a wajen da tef ɗinka kana haƙuri kana sayen shayi.

Abu uku ne ban yarda a yi musu dabara ba, birki da sitiyari da tankin mai. Masta ta birki ta zama mai layi biyu yadda in ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Hannayen taya da tayrod ba a yanka su a ƙara musu tsawo da walda. Rak ɗin sitiyari in ba a zaunar da shi a tsayin da ya dace ba, duk ramin da ka faɗa tayar za ta juya da kanta ba ka taɓa komai ba. Tanki kuma nesa da salansa, da ƙarfe tsakaninsa da bayanka. A ƙara da ƙarfen kariya a saman kai da bel mai kyau tunda ba rufi.

Oga_Rewaya na yarda da kai kunkuru ta fi sauƙi, amma ka faɗa masa gaskiya farantan nan da yawa tsatsa ta cinye su, kuma birkinta na ganga ne.

Baba_Kakuri:

'Yata kin biya ni. Ƙari kaɗan kan motar da za a yanka in ya nace sai Seven. Na san zuciyar ɗan Kaduna 504 za ta fara kawo masa, to injinta ba ya mutuwa kuma kowane bakanike ya san shi, amma yana da tsayi da nauyi, aksil ɗin fikof da wagon kuma ya yi wa ƙaramar mota faɗi, ga ramukan rim ɗinta 4 ne masu tazarar da ba ta shiga rim ɗin sauran motoci, za ka sha yawo kafin ka sami mai kyau. Marsandi 190 ko BMW tsohuwa sun fi samuwa yanzu a sabuwar Panteka, sai dai ƙafar bayansu ba sandar aksil ɗaya ba ce, dole a sake zanen bayan shasin. In da za ka dace da tsohuwar Corolla ta farkon shekarun 1980 mai ja da baya ko Datsun 120Y da ka huta. Ka sayi motar sukutum da takardunta, kar ka tsinto inji nan giya can.

Batun takardu kuma, a Ingila suna da gwaji na musamman da ake kai motar da mutum ya haɗa, IVA suke ce masa, a duba ta tun daga birki har kaifin gefen ƙarfe kafin a ba ta lamba. Mu nan abin da za a tambaye ka lambar shasi da lambar inji da shaidar mallaka, in daga waje ta zo da takardar kwastan, sai shaidar lafiyar mota da inshora. Saboda haka tun kafin ka sayi komai ka ɗauki zanenka ka je wajen hukumar da ke duba lafiyar mota ka ce ga abin da nake so in yi, me kuke buƙata, abin da suka ce ka roƙa a rubuta maka. Ka ajiye rasit na kowane abu, ka ɗauki hoton kowane mataki. Fitila, sigina, madubi, hon, waifa, duk ka sa su ko da kana ganin suna ɓata mata kyau, don motar da ba a saba gani ba kowane shinge sai an tsayar da ita ko don a kalla.

Sarkin_Totur:

hhhh Baba ai tsayarwar ma rabin daɗin kenan. Ɗan_Barnawa muna nan da yawa, muna da guruf a WhatsApp na masu tsofaffin motoci da ƴan gyare-gyare, akwai mai kunkuru da ya cire mata rufi, akwai masu 504 da 190, akwai wani ma da ya fara shasin Seven ɗin tun kafin a cire tallafin mai har yanzu yana kan teburi, kullum muna tsokanarsa. amfanin shiga mutane shine kayan aiki, ba sai ka sayi cen bulok na ɗaga inji ba ko injin lanƙwasa fayif, wani na da shi zai ara maka, ranar ɗora inji kuma kana buƙatar hannu huɗu ko shida, ka dafa shinkafa kawai zamu zo. mukan fita da sassafe ran Lahadi kafin titi ya cika, amma ka sani mota mara rufi a Kaduna lokacinta ƙayyadadde ne, watan Afrilu rana zata gasa ka, Agusta ruwa, hunturu kuma ka dawo gida fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa. kuma mu bama wasan mota a gidan biki, duk mai son juya mota cikin mutane ba namu bane.

Ɗan_Barnawa:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Odar dai na ajiye ta. Zuciyata har yanzu tana kan Seven amma maganar bamp ɗin nan ta Oga_Rewaya ta tsaya min, layinmu kaɗai akwai su da yawa kafin ka fita babban titi. Zan fara zuwa wajen masu duba lafiyar motan cikin satin nan in sha Allah, sannan in zaga in ga kunkurun da za a samu. Oga in mun samu za ka iya raka ni ka duba min farantin kafin in biya? Sarkin_Totur na turo maka saƙo ta inbos a sa ni a guruf ɗin.

Oga_Rewaya:

ba damuwa, Asabar bayan la'asar ina gareji. kazo da tocila da sukundireba mai tsini, ƙasan batir zamu fara sokawa don nan take fara ruɓewa, in ya shige mu wuce ta gaba.