Idan "tirela" ba ta yi ba, me za mu kira abin da a-kori-kura ke ja?

Jama'a, kalma nake nema, kuma ta hana ni sakat.

Ina rubuta bayani kan a-kori-kura masu aiki da batir, irin su Rivian R1T da aka fara miƙa wa masu saye a 2021, da Ford F-150 Lightning da ta fito a 2022. A Amurka, mai sayen irin wannan mota kan tambayi nawa za ta iya ja a bayanta. Lightning mai babban batir tana ja har kilo 4,500, R1T kuma kusan kilo 5,000. Turawa na kiran abin da ake ja ɗin "trailer", sai na rubuta "tana jan tirela". Na ba ƙanena ya karanta. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, a-kori-kura ce za ta ja tirela? Tirelar ta lalace ne?"

Gaskiyarsa. A kunnen Bahaushe tirela babbar mota ce mai kai da bodi, mai tayoyi birjik. Idan ƙaramar mota na janta, to aikin janwe take yi. Abin da nake nufi daban ne: wani abu mai taya biyu ko huɗu, ba inji, ba sitiyari, ana maƙala shi a ƙugiyar bayan mota, a loda masa kaya ko kwale-kwale ko doki.

Tun da na tambayi jama'a sunan da za mu ba wannan abu, an kawo shawara huɗu.

Wani ya ce "bodi". Ita ma akwatin bayan a-kori-kura bodi ce, za a rikice. Wata ta ce "jela". Tana da daɗin faɗi, amma jela jikin dabba ce, ba a kwance ta a ajiye.

"Goyo" kuwa na daɗe ina juya ta, don ta burge ni. Sai na ga a nan ne ma za ta ɓata mana lissafi. Abin da aka goya, nauyinsa gaba ɗaya a kan mai goyon yake. Wannan shi ne lodin da ke cikin bodi. Abin da ake ja kuwa a kan tayoyinsa yake tsaye. Masu ƙera mota adadi biyu suke bayarwa, na ɗauka daban, na ja daban, kuma na ja ya ninka na ɗauka sau da yawa. Duk kalmar da ta haɗe su za ta iya sa mutum ya yi wa motarsa lodin da ya fi ƙarfinta.

Sai wani dattijo da ya ce ya daɗe yana tuƙi ya rubuto: "Ɗana, wannan ai amalanke ne. Shanun kawai aka canja."

Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwana da maganar nan, kuma duk ta inda na taɓa ta sai ta zauna. Amalanke ba ya tafiya da kansa. Ana ɗaura shi, ana kwance shi. Yana da sandar da ke miƙewa gaba ta hau wuyan mai ja. Wanda ya taɓa ganin an jibge kaya a ƙarshen amalanke har sandar ta ɗaga sama ya riga ya fahimci ƙa'idar da ake koya wa direbobi: kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin abin da ake ja ya kamata ya danna ƙugiya. Idan ya gaza haka, da an yi gudu sai ya fara lilo hagu da dama, ya ja bayan motar da shi. Ga shi har mun sami sunan wannan awon a kyauta: nauyin wuya.

Na gwada kalmar a ainihin bayanin da nake rubutawa, ku ji:

"Lightning mai babban batir tana cin zangon kilomita kusan 515 da caji ɗaya. Da an ɗaura mata amalanke mai nauyi, zangon kan ragu zuwa wajen rabi. Iska ce ta fi cin batir a kan babbar hanya, don idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Shi ya sa amalanke mai tsayi kamar ɗaki ya fi shimfiɗaɗɗe shan caji ko da nauyinsu ɗaya. A gangara motar kan mayar da ɗan wuta cikin batir. Yawancin wuraren caji an yi su ne don mota ita kaɗai, sai direba ya kwance amalanke, ya sa caji, ya dawo ya sake ɗaurawa."

Ƙanena ya karanta wannan bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Akwai wadda ta ƙi amincewa, kuma hujjarta abin dubawa ce. Ta ce a Amurka wasu na jan ɗaki guda mai gado da banɗaki da wurin girki, kiran wannan amalanke raini ne. Hajiya, na ji ki. Amma ki dubi "jirgi". Na ruwa muka sani tun asali. Da na ƙasa ya zo muka ba shi sunan, da na sama ya zo muka ƙara masa, kuma ba wanda ke hawa jirgin sama yana jin an saka shi a kwale-kwale. Amalanke ma zai ɗauki ƙari: amalanken kwana, amalanken doki, amalanken kwale-kwale.

Saboda haka a rubutuna zan sa "amalanken mota" a karon farko, daga nan "amalanke" kawai. Tirela na bar ta ga manyan motoci, janwe ga mai jan wadda ta lalace. Abin da ya rage mini shi ne dunƙulen ƙarfen nan mai kama da ƙwallo da bakin sandar ke hawa kai yana juyawa. "Ƙugiya" nake cewa a yanzu, alhali ba lanƙwasa gare shi ba. Baba, ku da kuka riƙe shi da hannu, me kuke ce masa?