Wa ya san tarihin Melbourne Vixens? Ɗalibaina sun ƙure ni

Malamar Wasanni, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a nan Zariya, darasin motsa jiki nake koyarwa. Hutun da ya wuce muna kwashe tarkacen sito sai muka ci karo da dogayen ƙarafa biyu, kowanne da zobe a kansa, sun yi tsatsa har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Baba maigadi ya ce na ƙwallon kwando ne. Na ce a'a Baba, duba babu allo a bayan zoben, wannan na netbol ne. Muka ɗora su a amalanke zuwa wajen mai walda a Sabon Gari, na shata fili da toka, tela ya ɗinka mana ƙyallayen da ake rataya wa 'yan wasa masu harufa a ƙirji, duk da ya kifa mana harafi ɗaya ƙafa a sama.

To yanzu yara sun kamu. Don in ƙara musu ƙaimi na nuna musu wani wasa a wayata, na wata ƙungiya Melbourne Vixens. Da suka ga wata baƙar mace dogowa tana zura ƙwallo kamar tana zuba gero a buhu, aji ya kaure. Wata 'yar aji biyar, mai bakin tsiya, ta ce: "Malama, wai biyansu ake yi? Wa ya kafa su? Ita wannan ta ina ta bi ta je can?" Na ce gobe zan ba ku amsa. Yau kwana huɗu ke nan ana goben. Don Allah mai sani ya fitar da ni kunya.

Ɗan Samaru:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da lada. Vixens ba daga sama ta faɗo ba, auren haɗi ne. Daga 1997 zuwa 2007 birnin Melbourne na Ostireliya ƙungiyoyi biyu yake da su a gasar ƙasa, Phoenix da Kestrels. Phoenix ce babbar yaya, kofi biyar ta ci, ita kuwa Kestrels ko sau ɗaya ba ta ɗaga ba. Da aka shirya sabuwar gasa ta haɗin gwiwa da Niyu Zilan wadda ta fara a 2008, ƙungiya biyar kacal aka ba kowace ƙasa, jihar Victoria ta samu gurbi ɗaya. Sai hukumar netbol ta jihar ta narkar da biyun ta fitar da ɗaya. Ita ce mai ƙungiyar har yau, ba wani attajiri ba. Sunan kuma ma'anarsa matan yanyawa, ki gaya wa yara su yi dariya.

A shekara ta biyu, 2009, suka ci kofi, suka doke Adelaide Thunderbirds 54 da 46, lokacin Sharelle McMahon da Bianca Chatfield ne ke jan ragama a fili. Suka sake a 2014 a kan Queensland Firebirds, 53 da 42, a hannun koci Simone McKinnis. A 2017 aka raba gari da Niyu Zilan, Ostireliya ta buɗe gasarta ita kaɗai, Super Netball, mai ƙungiya 8.

Wadda yaranki suka gani, in ban yi kuskure ba, Mwai Kumwenda ce, 'yar Malawi. A ƙauye ta taso, da ƙwallon da ake ƙullawa da ledoji ta fara. Ta yi wasa a Niyu Zilan kafin ta zo Vixens a 2017, gwiwarta ta samu mummunan rauni a 2018, ta yi jinya ta dawo. A 2020, shekarar korona, aka kwashe gasar zuwa jihar Queensland, 'yan Vixens suka yi watanni ba su ga gida ba, suka ci West Coast Fever 66 da 64 a wasan ƙarshe, Kumwenda ce gwarzuwar ranar. A 2025 sun sake cin Fever ɗin a wasan ƙarshe, da ci ɗaya tak.

Hajiya Mai Ritaya, Kofar Doka:

'Yata, kin tuno min da ƙuruciya. Mu a makarantar kwana mun buga shi, kowane gida da 'yan wasansa bakwai, ni a tsakiya nake. Har yau ina jin usur ɗin malamarmu a kunnena, don ni ban iya tsayawa ba: da na cafe ƙwallo sai ƙafata ta ja ƙasa, fiit, an karɓe. Daƙiƙa uku kawai kike da ita ki jefa, ba gudu da ƙwallo, ba buga ta a ƙasa kina tafiya, mutum biyu ne kawai ke da izinin jefawa a zobe.

Ki faɗa wa iyayen yaran wannan in sun yi ƙorafi: tun asali don mata aka tsara shi. A Ingila aka sauya ƙwallon kwando ya dace da ɗalibai mata, aka rubuta dokokinsa a 1901, zamanin matan Turawa ma dogayen riguna suke sawa. Ba a bangazar juna, mai tsaro tana ja baya ƙafa uku. Da dogon wando da ɗan hijabi za a buga shi lafiya lau. Yadda aka bari ƙarafan nan suka koma sito shi ne abin da ke ci min rai.

Akawun PZ:

Gafarta Malama, ni dai kar a cika wa yara ciki da iska. Eh ana biyansu, amma ba irin na 'yan ƙwallon ƙafa ba. A garin Melbourne ɗin nan akwai wata ƙungiya, Collingwood Magpies, da babban kulob ɗin maza mai kuɗi ya kafa, ta fara wasa a 2017. A 2023 suka duba lissafi suka ce ba riba, suka rufe. A ƙarshen shekarar kuma 'yan wasan gasar duka suka yi makonni ba albashi saboda rikici da hukumarsu. Can ke nan, inda Ostireliya ce sarauniyar wasan a duniya.

Malamar Wasanni, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai. Mama Hajiya, in kina da hali ranar Laraba bayan la'asar ki zo ki riƙe mana usur, yarana ma ƙafar nan suke ja.

Malam Akawu, ka yi gaskiya, amma duba abin da kai da Ɗan Samaru kuka faɗa ba ku lura ba. Wadda masu kuɗi suka kafa shekara bakwai ta yi ta mutu. Wadda hukumar da ke kula da wasan 'yan makaranta da na unguwanni ta riƙe tana nan da kofi huɗu. Wannan zan kai wa 'yar aji biyar ɗina gobe, goben gaske. Zan kuma gaya mata an yi gasar duniya a Cape Town a 2023, karo na farko a Afirka, Yuganda ta zo ta biyar.

Abin da ya rage mana abokan karawa. Mun gaji da buga aji huɗu da aji biyar. In akwai wata malama a Samaru ko Gyallesu ko cikin birni da ke da sito, don Allah ta ɗauki tsintsiya ta leƙa. Lambar mai waldan tana wajena.