Babur ɗina yana sarƙewa da zarar ya ɗau zafi, a taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin nan ya hana ni sukuni. Babur ɗin Honda CG125 ne, tsohon yayi mai kafireta, na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ya daɗe a jingine, saboda yayana ya dage a sayar a raba kuɗin, ni kuma na ce ba za a sayar ba. Sai da aka kai ruwa rana kafin ya bar min shi. Na sa masa sababbin tayoyi da sarƙa, na sa aka maido da fentinsa na asali, har kujerar na ba da aka ɗinke. Yanzu da shi nake zuwa aiki, ba ni da wani abin hawa.

Da safe bugu ɗaya yake tashi, silo lafiya lau. Amma in na yi nisa inji ya ɗau zafi, sai ya fara sarƙewa, in na murɗa totur ya riƙa fizga, wani lokaci ya yi harbi ta salansa. In na tsaya na ɗan jira sai ya dawo daidai. Na canza fulogi, babu sauƙi. Wani bakanike ya ce sai an sauke inji, hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Kada ka bari kowa ya sauke maka inji. Kafireta ce, ba sai an je ko'ina ba. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye da fetur a ciki, fetur ɗin bushewa yake ya bar danƙo a ƙoƙon kafireta, ya toshe ƙananan ƙofofin mai, wato jet. Ƙaramin jet ne ke riƙe silo zuwa wajen rubu'in totur, allurar kafireta ta karɓa a tsakiya, babban jet kuma daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. Ka lura a wane waje yake sarƙewa, shi zai nuna maka wanda ya toshe. Kwance ta, wanke ta, busa da iska. Kada ka zura waya ko allurar ɗinki a jet, za ka faɗaɗa ramin ka ɓata shi.

Mai gyaran wuta: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Kafireta mai datti tun da sanyi take nuna hali. Wannan sai ya yi zafi, ya huce ya warke. Koyil (mai ba fulogi wuta) in tana mutuwa haka take yi, ko hular fulogi. Malam, da zarar ya fara, tsaya nan take ka cire fulogi, ka jingina shi da jikin inji ka buga. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi ake so. In ka ga ja-ja ce mai rauni, ko tana zuwa tana ɗaukewa, ka gano ɓarawonka. Hular kuma a auna ta da mita, masu resista galibi kilo-om 5 suke nunawa.

Tsohon bakanike: Ku yaran yanzu komai wuta. Tun kafin a kawo CDI (ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi) nake kwance waɗannan injinan. Dattin da ke kwance a ƙasan ƙoƙo girgizar hanya ce ke tayar da shi ya rufe jet, in ka tsaya ya sake kwantawa.

Wani mamba: Ni dai Allah Ya isa tsakanina da wanda ya yi min aiki bara. Irin wannan matsalar ce, ya sa na sayi koyil, na sayi CDI, na sayi kafireta sabuwa, ƙarshe ya riƙe babur ɗin a garejinsa yana ta min gobe-jibi. Da na karɓo, batir ɗina ma an musanya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai dogon zango: Kafin ka kashe ko sisi, gwada wannan. Murfin tanki yana da ɗan ramin shaƙar iska. In ya toshe, mai zai daina sauka sosai bayan an yi tafiya. Idan ya fara sarƙewa buɗe murfin, in ka ji ya ja iska "fuuu" kuma babur ya warware, shi ke nan. Sannan ka ja cok (mai rage iskar da ke shiga kafireta) yana cikin yi: in ya gyaru, mai ne ya yi masa kaɗan. Ba ka faɗa mana launin tsohon fulogin ba. Baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. Kuma yaya matatar iska?

Mai tambaya: Na gode. Matatar iska na cire ta da akwatinta gaba ɗaya, soson ya ruɓe yana marmashewa, na ga gara babu da inji ya haɗiye shi. Amma ba ita ba ce, don ya yi ta tafiya lafiya a haka kafin matsalar ta fara. Kafireta kuma an wanke min ita tun farko.

Tsohon bakanike: To ka gani! Tunda ka cire akwati, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, shi ne harbin da kake ji, shi ke ƙara wa inji zafi. Ga ƙura na shiga kai tsaye tana cin ringi. Wankin da aka yi maka ma, an cire jet ɗin ko dai fetur aka watsa mata a waje?

Mai tambaya: Baba, a gabana aka yi, yaron ya san aikinsa. Kuma ina ganin masu tafiya babu akwati, ba abin da ya same su.

Mai gyaran wuta: A duba tazarar bawul ma, 0.08 milimita ce a wannan injin, da sanyi ake aunawa. In ta matse, bawul ba ya rufewa sosai idan ƙarfe ya yi zafi. Amma ni har yanzu ina kan koyil.

Mai dogon zango: Malam, launin fulogin fa?

Mai tambaya: Na yar da shi. Gobe in Allah Ya kai mu zan sayi koyil in gwada, don ni ma zuciyata ta fi karkata can.

Tsohon bakanike: Kuɗinka ne. Ka dai maido da akwatin nan tukuna.

Sabon mamba: Don Allah ni ma nawa yana yin haka, amma sai an yi ruwan sama. Koyil ɗin ce ita ma?