Abin da na tsinta a hirar malamai kan damuwar matasa

Mun zauna da wasu malaman jami'a da iyaye kan yadda za a koya wa samari da 'yan mata sarrafa damuwa, musamman masu jiran aiki bayan bautar ƙasa.

Abin da aka fi jan magana a kai shi ne saurare. Yaro ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, sai mu ce "yi haƙuri" mu wuce. Haƙuri gaskiya ne, amma a bari ya fara faɗin abin da ke cin sa: tsoro ne, kunya ce, ko fushi? Wanda ya iya kiran abin da sunansa ya fi iya riƙe shi. Wata uwa ta ƙara da cewa a daina gwada shi da ɗan maƙwabci, kuma ina ganin nan ne muka fi yin ɓarna.

Kan fushi, an tuna koyarwar Annabi (SAW): mai tsaye ya zauna, ya yi shiru. A haɗa da jan numfashi a hankali.

Barci awa 7 zuwa 9, a ajiye waya kafin kwanciya. Motsa jiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, ko da tafiyar ƙafa ce.

In baƙin ciki ya wuce mako 2, barci da abinci suka gagara, ko aka fara tiramol, a kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato.