Yakuwata ta wuce kaina tsayi amma ko fure ɗaya babu, in tuge ne?

Maman Ilham, Hayin Banki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san noman zobo. A farkon Mayu, ruwa na sauka, na shuka yakuwa a bayan gida, wajen gindi 30. Yau ga mu a tsakiyar Agusta, ta wuce kaina tsayi, ganye kore shar, amma ko alamar fure babu. Na zuba mata yuriya sau biyu ko za ta motsa, sai ƙara miƙewa ta yi. Guda huɗu kuma sun yi yaushi sun mutu, gindinsu ya yi baƙi. Ganyen duk huji-huji kamar rariya. Soborodon nake so, don a riƙa dafa wa mahaifiyata mai hawan jini. Irin ne ba shi da kyau, ko in tuge in sake shuka?

Malamin Gona, Mando:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki tuge. Lokacinta ne bai yi ba. Yakuwa ba kamar masara take ba, da za a ce kwana kaza bayan shuka za ta yi bunni. Ita tsawon dare take bi. Sai yini ya fara gajarta, dare ya ƙaru, sannan take ɗaukar fure. A nan Kaduna yinin watan Yuni yakan kai awa 12 da minti 40, zuwa ƙarshen Satumba ya dawo kusan awa 12. Mu ba ma lura da wannan ɗan bambancin, ita kuwa tana jin sa. Shi ya sa wanda ya shuka a Mayu da wanda ya shuka a Yuli kusan tare suke ganin fure, tsakanin Satumba da Oktoba. Na Mayu dai ya fi shan wahalar noman ciyawa, ya tara kara da ganye.

Yuriyar nan ita ce ta ƙara dagula lamarin. Takin ganye ne, yana sa shuka ta yi tsayi, karanta ya yi laushi, iskar hadari ta kwantar da ita, fure kuma ya yi jinkiri. Ki tsaya da ita haka nan, kada ki ƙara ko ƙwaya. In kina son ki ba ta wani abu, tokar murhu cikin tafin hannu ɗaya a kewayen kowane gindi ta isa, ba tare da ta taɓa karan ba.

Abin yi cikin makon nan: ki tsinke kan kowace shuka, kamar santimita 10 zuwa 15 daga sama. Furen yakuwa a hammatar ganye yake fitowa, ɗaya-ɗaya, don haka yawan rassa shi ne yawan soborodo. Da an cire kan, rassan gefe za su tashi. Kamata ya yi a yi wannan tun tana kai gwiwa, amma har yanzu bai ɓaci ba. Da Satumba ya shiga kada ki sake yanka, don a lokacin ƙullin fure za ki zubar. Sannan ki rage cunkoso, ki bar ɗaya ko biyu a rami. Abin da kika cire ba asara ba ne, ga miyar yakuwa ga fate.

Na baɗi kuwa, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne lokacin shuka a wajenmu. A jiƙa gurguzu, wato irin, ya kwana a ruwa, wanda ya taso sama a zubar. Ƙwaya uku a rami, zurfin santimita 2, santimita 60 tsakanin rami da rami, santimita 75 zuwa mita ɗaya tsakanin kunya da kunya. Cikin mako guda zai tsiro. Ruɓaɓɓen takin turke kilo ɗaya zuwa biyu a kowace murabba'in mita kafin a yi huɗa. In za a sa na zamani, NPK 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindi, mako uku bayan tsiro, a binne shi ɗan nesa da kara. Wanda ya makara har Agusta zai ga fure, amma a kan gajeriyar shuka marar rassa, amfanin kaɗan ne.

Tambaya ɗaya: akwai fitilar da take kwana a kunne kusa da wurin?

Maman Ilham, Hayin Banki:

Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Akwai fitilar sola a jikin katanga, daidai saman layin farko, tun magariba har asuba.

Malamin Gona, Mando:

To ki juya ta ko ki kare ta da kwano ta ɓangaren shukar tun yanzu. Shukar da take auna dare, in haske ya kwana a kanta, a wajenta dare bai yi tsawo ba. Sai ki ga sauran layukan sun yi fure, na ƙarƙashin fitilar yana nan yana ganye.

Baba Mai Lambu, Rigasa:

'Yata, abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni kan waɗanda suka mutu zan yi magana, don su ne abin tsoro, ba rashin fure ba. Yakuwa shukar jigawa ce. Dubi inda aka fi noma ta, Jigawa da Kano da Katsina, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwana. Mu nan ƙasarmu ja ce mai danƙo, ga marka a Agusta. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu, saiwa ta shaƙe, cutar ruɓa ta shiga.

Ki tuge matattun da ƙasar gindinsu, ki duba saiwar. In ta yi baƙi ta yi laushi, ɓawonta na saluɓewa, ruɓa ce. In kuwa kika ga ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan carbi, wannan ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, waɗanda suke kama tumatir da kuɓewa. Ko wanne ne, a ƙona su, kada a jefa a juji ko cikin taki. Wadda ta riga ta yi baƙin gindi ba ta warkewa, kada wani ya sayar miki da magani a kan haka. Ki tara ƙasa a gindin sauran ta zama kunya mai tsayin ɗani guda, ki fasa wa ruwa hanya ya fice, musamman in indararo na zuba a wurin. Baɗi ki sauya wuri. Kada kuɓewa ko rama ko auduga su gaji wurin, danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Masara ko dawa za a sa, damina biyu.

Hujin ganye kuwa aikin wasu 'yan ƙananan ƙwari ne masu tsalle in an taɓa ganye, su ne dai na kuɓewa. Ƙaramar shuka suke kassarawa. Wadda ta wuce kanki ba abin da za su yi mata sai muni. In sun yi yawa, a daka 'ya'yan dogon yaro busassu rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganyen, mako-mako. Ganyen da za a ci da zobon da za a ba marar lafiya, ban ga dalilin kai musu maganin feshi na kanti ba.

Hajiya Mai Zobo, Tudun Wada:

'Yar'uwa, ki shirya wa kaka, don a nan mutane suka fi yin asara. Furen rawaya-rawaya ne mai jan ciki, da safe yake buɗewa, kafin dare ya yi yaushi, washegari ya faɗi. Kada ki ɗauka cuta ce. Abin da muke kira soborodo ba furen ba ne, jan kofin da yake riƙe da shi ne, wanda yake kumbura ya rufe ƙwallon iri bayan furen ya faɗi. Mako biyu zuwa uku bayan nan ne lokacin cira, yana da kauri, yana ƙaras in an karya. In ya daɗe sai ya yi zare-zare.

Daga ƙasa yake nuna zuwa sama, don haka ba rana ɗaya ake girbe shi ba, duk bayan kwana uku ko huɗu a zaga. A yanka da almakashi bayan raɓa ta bushe, fizga tana yage reshe. A ranar a fitar da ƙwallon: a yanke gindin, a tura da siririn bututu irin sandar tsohuwar lema, ko a tsaga gefe da wuƙa. Ki sa safar hannu, ƙwallon yana da ƙaiƙayi. In aka tara shi a buhu da ƙwallonsa kwana biyu zai yi zafi ya yi fumfuna.

Shanya a kan tabarma ko asabari da aka ɗaga daga ƙasa, shimfiɗa ɗaya ba tudu ba, ana juyawa, a kwashe da yamma saboda raɓa. Iskar hunturu takan busar da shi cikin kwana huɗu zuwa mako. Inuwa mai iska ta fi riƙe masa launi. Ya bushe in ya karye ƙas a hannu. Kada ki karaya da yadda zai ƙanƙance, ɗanye kilo 10 kusan kilo ɗaya yake komawa. Na iri, ki zaɓi gindi biyu mafi kyau ki bar su har ƙwallon ya yi ruwan ƙasa ya fara tsagewa.

Abu ɗaya da zai iya ba ki mamaki: in irin yakuwar miya aka ba ki, kofinta siriri ne ko fari. Jijiya da kara ja wur alama ce ta jan zobo.

Anti Nas, Barnawa:

Maman Ilham, batun Hajiya babba, mahaifiyarki. Gaskiya ne zobo yana sauke hawan jini kaɗan. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda aka buga a 2010, masu ɗan hawan jini sun sha kofi uku a rana na mako shida, lambar sama ta awon hawan jininsu ta sauka da kusan maki 7. Kowane kofi gram ɗaya da kwata ne kawai na busasshen zobo, kamar ƙaramin cokali, ba mai kaurin da ake yi na biki ba. Kuma waɗannan mutanen ba sa kan magani. Ita in tana shan na asibiti kada ta daina, ki gaya wa likitanta kafin ta mayar da zobo abin kullum, don haɗuwar biyun tana iya sauke jinin fiye da kima, jiri ya kwashe ta. Haka mai shan maganin suga. Mai ciki ta bar shan shi a matsayin magani.

A zuba tafasasshen ruwa a kai, a rufe minti biyar zuwa goma, a tace. Ba sukari, ba kanwa. Citta da kanumfari ba laifi. A haɗa a tukunyar silba marar tsatsa ko kwanon tangaran, tsaminsa yana cin dalma. Ku fara da kofi ɗaya, ana auna jinin safe da yamma ana rubutawa, a tafi da takardar ranar ganin likita.

Maman Ilham, Hayin Banki:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba, karan ja ne wur. Baba, saiwar matattun baƙa ce, babu ƙulli, kuma duk huɗun a bakin indararo suke. Gobe in Allah ya kai mu za a gyara hanyar ruwan, a juya fitilar.