Karyar gadina ta rame bayan haihuwa, me zan ba ta ta murmure?

Mai Gona a Shika:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ina da karya a gonata, ita ke gadin awaki da kaji shekara uku ke nan, ko akuya ɗaya ba a taɓa ɗauke min ba. Mako biyar da suka wuce ta haifi 'yan kwikwiyo bakwai, duk suna raye, amma ita ta lalace. Daga nesa za ka ƙirga haƙarƙarinta, ƙashin ƙugu ya fito, cinyoyin nan da take bin ɓarawo da su sun zube. Abinci kuwa ba ta ƙi ba, lashe kwano take yi tas. Yaron gona yana ba ta ragowar tuwo da miya da ƙanzo sau ɗaya da yamma. Na ɗauke ta na hau sikeli, na cire nauyina, kilo 12 take yanzu, alhali da tana kai 17. Wani ya ce in saya mata sha-ka-fashe a kemis. Me kuka gani?

Ɗan Tireda:
Wa alaikumus salam. Alhaji mutane na neman na tuwo kai kana neman wa kare ƙiba? Turo min kuɗin naman, ni zan zo in yi maka gadin.

Mai Gona a Shika:
Kai da ƙarfe tara ta yi ka fara minshari? Bar ni da karyata. Akuya ɗaya da ta tsare min ta fi kuɗin abincinta na wata da watanni.

Baba Mafarauci:
Ɗana, tun kafin a haife ka nake kiwon karnuka. Tuwo ba abincin mai shayarwa ba ne, cika ciki kawai yake yi. Ka je wurin mahauta da sassafe kafin a watse, ka karɓi tumbi da huhu da tarkacen da suke yankewa, ba su da tsada. A dafa, a zuba romon a kan tuwon. Mu idan kare ya dawo daga farautar rani a bushe, ɗanyen ƙwai muke fasa masa da cokalin man shanu. Sannan ka buɗe kunnenta da tsakanin yatsunta ka duba. Na rantse za ka tarar da kaska sun yi sahu. Kare mai kaska ko sa ka yanka masa ba ya ƙiba.

Likitar Dabbobi:
Baba ya taɓo inda matsalar take. Alhaji, karyar da ke cin abinci sosai kuma tana ramewa, akwai masu raba abincin da ita. A nan ina zargin uku: 'yan kwikwiyo, tsutsar ciki, da kaska.

Fara da 'ya'yan. Mai shayarwa, musamman daga mako na uku zuwa na huɗu, tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abin da take ci a da. Ita kuwa an bar ta a kwano ɗaya a yini, baki bakwai na tsotsa. Abin da ba ta samu a kwano ba, daga naman jikinta take cirowa ta yi nono, shi ya sa cinyoyin suka tafi. Tunda sun kai mako biyar, tun tuni ya kamata su fara lasar abinci mai ruwa-ruwa. Ka fara yau, ka riƙa raba su da ita na wasu sa'o'i, zuwa mako bakwai ko takwas a yaye su gaba ɗaya.

Yanzu ɗaga leɓenta ka dubi dasashi. Idan ja-ja ne mai haske, alhamdulillahi. Idan ya yi fari fat ko ɗorawa, ko fitsarinta ya yi duhu, kada ka tsaya dafa tumbi, jini ne ya yi ƙasa, kuma cutar da kaska ke sawa tana kisa. Kai da ke Shika ma ka yi sa'a, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) yana nan kusa da kai. Ka kai ta da ɗan kashinta a leda, a duba jini da kashi, a ba ta maganin tsutsa daidai nauyinta. A haɗa da 'ya'yan, domin tsutsa tana shiga jikinsu tun suna ciki, wata kuma ta nono.

Sha-ka-fashe kuwa a kul. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan kumburi suke sawa, su raunana garkuwar jiki, su ƙara zubar da tsokar da kake son ginawa. Garin neman ƙiba a samo rama. Ita da ba ta ƙi abinci ba, me za ta yi da maganin ƙara cin abinci?

Hajiya Mai Kaji:
Likita ki yi masa maganar albasa. Ni na yi wannan kuskuren, duk ragowar miya da ƙasusuwan kaji karenmu nake juye wa, har ranar da ƙashi ya tsaya masa a wuya muka kwana a tsaye. Yanzu tukunyarsa daban: shinkafa ko garin masara, kan kifi da na tsince ƙayar, ƙwan da suka fashe a gona, ba gishiri ba yaji. Kuma Alhaji ka sa ido a kan yaron gonar, ba zargi nake ba, amma nama yakan ɓata hanya tsakanin tukunya da kwanon kare.

Likitar Dabbobi:
Hajiya kin rigaye ni. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffe ko ɗanye, kuma miyarmu ba ta rabo da su. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Goro da cakulan ma guba ne gare shi. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a zubar, hantar kare ba ta jure shi.

Baba, a yi min afuwa zan ɗan saɓa: ƙwan a dafa shi, ya fi narkewa kuma ba ya kawo gudawa. Man kuma kaɗan, ƙaramin cokali a kwano ya isa, mai da yawa a cikin da bai saba ba ciwo yake jawowa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne zumuɗi. Kada gobe ka cika mata roba da nama don tausayi, amai da zawo za su biyo baya. Raba abincin sau huɗu a yini, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako guda. Kowane kwano kusan rabinsa ya zama nama, kifi ko ƙwai, sauran shinkafa ko tuwo da ɗan dafaffen kabewa. Hanta sau ɗaya ko biyu a mako, 'yar kaɗan. Idan aljihu zai ɗauka, abincin buhu na 'yan kwikwiyo ya fi dacewa da mai shayarwa, don an daidaita sinadarin ƙashi a ciki. Ruwa kada ya yanke a gabanta. Ka auna ta duk Juma'a a sikeli ɗaya ka rubuta. Tsoka ba ta dawowa da kwanciya. In ta fara ƙarfi, a zaga gona da ita minti goma sha biyar safe da yamma. Ka sa ran ta murmure cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu bayan yaye.

Baba Mafarauci:
Na karɓi gyara 'yata, a dafa ɗin. Amma ki ja masa kunne kada ya shafa mata baƙin mai ko fiya-fiya saboda kaska, na ga karen da ya lashe ya mutu kafin magariba.

Mai Gona a Shika:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga gona. Baba ka yi gaskiya, kunnen hagu kaɗai na cire kaska sun fi ashirin. Dasashin bai yi fari fat ba amma ya koɗe, don haka gobe da safe zan sa ta a bayan mota da 'ya'yan mu tafi. Likita, tunda za mu je, a yi mata allurar haukan kare gaba ɗaya ko a bari sai ta warware? Ta bara ta ƙare tun watan jiya.

Likitar Dabbobi:
Ka faɗa musu ranar da aka yi ta ƙarshe. Idan akwai zazzaɓi ko jinin ya yi ƙasa za su fara da magani su sa maka ranar dawowa. Kuma ka shimfiɗa buhu a motar, 'yan kwikwiyo bakwai ba sa tafiya a banza.